Insha'i a Kan Faransanci: Tsakanin Hadda da Nazari

Cikin tambayoyin da ake ba ƴan ajin ƙarshe na lise domin shirin jarrabawar bak, akwai wadda ba ta tsufa: shin ya dace marubucin Afirka ya yi rubutu da Faransanci, ko kuwa da harshen da ya sha a nono? A irin wannan insha'i na muhawara, wanda ake kira disartasiyon, Faransanci yana riƙe da matsayi biyu a lokaci guda: shi ne alƙalamin rubutu, shi ne kuma wanda aka gurfanar gaban shari'a. Abin takaici shi ne duk malamin da ya saba gyaran waɗannan takardu a Tasawa ko a Mayahi ya san hukuncin tun kafin ya buɗe su.

Kashi na farko yabo ne: Faransanci harshen ilimi, harshen da ya haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare a ofis ɗaya, sai a ambaci Senghor. Kashi na biyu suka ce: harshen mulkin mallaka, mai raba yaro da al'adarsa, sai a ambaci Cheikh Hamidou Kane. Kashi na uku sulhu ne, inda ake shawartar kowa ya riƙe harsunan biyu. Shafi huɗu sun cika, amma babu kalma ɗaya ko jimla ɗaya ta Faransanci da aka ɗauko aka juya aka duba. An yabi harshen, an zage shi, an sasanta da shi, ba a nazarce shi ba.

Tsarin insha'in kansa ba shi da laifi. Abin da yake nema shi ne a fayyace ma'anar kalmomin tambaya, a gano inda gizo ke saƙa, a kawo hujja, a saurari hujjar abokin gaba. Cutar tana can baya. Mafi yawan yaranmu sun fara jin Faransanci ne ranar da aka kai su lakwal, kuma da an tashi sai su koma cikin Hausa, a gida da gona da kasuwa. Kafin su kai lise, ƙarfinsu duka ya ƙare wajen tsoron kuskuren nahawu. Wanda yake tsoron jimlarsa kuwa, jimlar wani zai ara, shi ya sa sakin layi guda yake yawo daga kaye zuwa kaye shekara da shekaru. Kayan aro ba ya rufe katara. Bugu da ƙari, da wuya a sami wanda aka taɓa sa shi rubuta muhawara da Hausa, alhali a fada ko a gindin bishiya yakan kafa hujja ya kare ta har abokan hirarsa su sallama.

Da ɗalibi ya san tarihin harshen da yake yi wa kirari, da ya sami abin faɗa. Faransanci ma ya taɓa zama harshen gida wanda masana ke rainawa. A 1539 ne sarkin Faransa ya ba da umurnin a riƙa rubuta takardun shari'a da shi. A 1549 Joachim du Bellay ya wallafa littafi sukutum domin kare shi gaban Latinanci. A 1637 Descartes ya zaɓi rubuta littafinsa kan hanyar tunani da Faransanci, lokacin da malaman jami'a ke rubutu da Latinanci. Hasali ma, sai a 1880 insha'in Faransanci ya maye gurbin na Latinanci a jarrabawar bak ta Faransa, wato shekara 19 kacal kafin rundunar Voulet da Chanoine ta iso yankin Maijirgi a 1899. Harshen da aka kawo mana a matsayin ma'aunin hankali, shi ma bai daɗe da samun wannan kujera a makarantun gidansu ba. Darasin a fili yake: harshe yana zama na ilimi ne idan an yi aikin ilimi da shi.

Hujja ta biyu tana bakin ɗalibin kansa. Me ya sa muke cewa lakwal, lakire, lakile? Domin kunnen Bahaushe ya ɗauki ƴar kalmar da Faransanci ke sawa gaban suna a matsayin wani yanki na sunan, ya haɗe su ya yi kalma guda. Me ya sa mushe, wanda asalinsa lakabin girmama kowane namiji ne, ya koma nufin malamin boko? Me ya sa mutumin Mayahi ke cewa kuran da isansi, ɗan uwansa na Katsina kuwa lantarki da fetur? Iyakar da Turawa suka shata ce ta ratsa cikin harshe ɗaya, kowane gefe ya ara daga maigidansa. Ɗalibin da ya tara kalmomi talatin irin waɗannan, ya jera su aji aji, ya lura yawancinsu na makaranta ne da mulki da mota, ya faɗi gaskiya game da matsayin Faransanci a ƙasarmu wadda ta fi shafi goma na yabo nauyi.

Ba mu rasa abin koyi ba. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929. Masanin kimiyya ne, ya ƙware a Faransanci, kuma da shi ya rubuta L'Éducation en Afrique, wanda ya fito a Paris a 1964. A ciki ya bi diddigin makarantar mulkin mallaka, tsarinta da manufarta da sakamakonta, sannan ya nemi a koyar da yara cikin harsunan Afirka. Tsarin hujjar da ya koya a wannan makaranta shi ya juya ya auna ta da shi. Bayansa aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973, dokar ilimi ta 1998 kuma ta amince da harsunan ƙasa a matsayin na koyarwa.

Maganar ta ƙara nauyi a 2025. A watan Maris na shekarar Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda aka aza harsashinta a Yamai a 1970, kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Haɗarin da nake hangowa shi ne ɗalibi ya sauya hadda kawai: kashin suka ya yi tsawo, na yabo ya gajarta, tunani kuma yana nan inda yake. Zagin da aka haddace bai fi yabon da aka haddace amfani ba.

Saboda haka gyara yana hannunmu, mu malamai. Mu rage faɗin tambaya, mu ba ɗalibi abin da zai iya taɓawa: allunan shaguna na kasuwar Tasawa, takardar likita da uwarsa ba ta iya karantawa, ko yadda Abdullahi Mamani ya shigar da sunaye da al'adun Hausa cikin Faransancin littafinsa Sarraounia na 1980. Mu fara koyar da insha'in muhawara da Hausa tun daga kolej, domin wanda ya iya kafa hujja da harshensa ba zai sha wuyar ɗauke ta zuwa wani ba. Wajen ba da maki kuma, misali ɗaya da yaro ya gano da kansa, ko da jimlarsa tana ɗingishi, ya kamata ya rinjayi sunayen marubuta biyar da bai taɓa buɗe littafinsu ba.