Tsohuwar Falcon da sabon akwatin giya

Wani yayi ya kama masu son tsofaffin motoci a Amurka: mutum ya sayi ƙaramar mota ta shekarun 1960, irin su Ford Falcon, Chevy II ko Plymouth Valiant, ya sauke akwatin giyarta na asali, ya ɗaura mata mai giya biyar. Masu ra'ayin riƙau suna ganin an ci amanar motar. Ni dai ban ga aibin abin ba.

Falcon ta 1960 mai otomatik giya biyu kacal gare ta, haka ma akwatin Powerglide da ke cikin Chevy II. Hau babbar hanya da ita ka ji yadda inji ke kururuwa yana zuƙar mai. Akwatin T-5 da ake cirowa daga Mustang na shekarun 1980 yana da giya ta biyar da ke sassauta wa inji, sai motar ta yi doguwar tafiya ba wahala. Motar da ake hawa kuwa ta fi wadda aka lulluɓe a gareji lafiya.

Inda nake ja da masu wannan yayi shi ne maganar nan ta bakin dillalai, wai kayan waɗannan motoci duk suna shiga juna. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tunda a kan ƙashin Falcon aka gina Mustang ta farko a 1964. Amma ɗauki injin Ford 289. Na farko-farko da kusoshi biyar ake haɗa shi da ƙoƙon da ke riƙe akwatin giya. A cikin 1964 kamfanin ya mayar da su shida. Suna ɗaya, girma ɗaya, amma ƙoƙon wannan ba ya zama a bayan wancan ko da za ka kwana kana ɗaurawa.

Na Chrysler, kamfanin da ya ƙera Valiant, ya fi rikitarwa. Akwatin TorqueFlite 904 a haɗe aka zubo shi da ƙoƙonsa, don haka na injin nan mai silinda shida da ke kwance a karkace ba ya hawa V8. Har zuwa 1964 kuma da maɓallai ake sa giya a Valiant da Dodge Dart, waya ce ke jan ta. Daga 1966 aka koma sandunan ƙarfe. Ka sa wa Valiant ta 1963 akwatin Dart ta 1970, maɓallan nan da ka biya kuɗi dominsu sun zama ado. Motar Corvair ma ba a maganarta, injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, kayanta nata ne ita kaɗai.

Sauya akwati kuma ba ya tsayawa a akwati. Sai an rage ko an ƙara tsawon farfela, a sake ƙarfen da ke tallafe shi, a taɓa kuloci, wani lokaci a yanka daɓen motar a yi walda. Mota mai shekara sittin ta ratsa hannu da yawa, kowa ya yi nasa ya wuce bai rubuta ba. Mai saye na ƙarshe ne zai je kanti ya faɗi shekarar motarsa, a miƙo masa faifan kuloci, ya dawo bakanike ya ce wannan ba nata ba ne.

Shi ya sa kafin a yi ciniki gara mutum ya kwanta ƙarƙashin motar da tocila, ya ƙirga kusoshi, ya goge maiƙo ya karanta lambobin da ke jikin ƙarfe. Ya tambayi mai ita daga wace mota aka ciro akwatin, ta wace shekara, kuma ina tsohon yake. In ya fito da rasit da ɗan littafin da ya rubuta aikin, ga tsohon akwatin a kusurwar gareji zai haɗa maka da shi, ko ya ɗaga farashi zan saya. Wanda ya daga kafaɗa ya ce ai komai yana shiga, sai in bar masa motarsa.