Zango Goma Sha Huɗu: Nazarin Hanyar Gicciye

Wani mai wa'azi ya taɓa ce mini Hanyar Gicciye makoki ce ake yi wa wanda ya riga ya tashi daga matattu, kuma faɗuwa ukun nan na Yesu da ake ambatawa a cikinta babu su a Bishara. Na biyun gaskiya ne. Na farkon kuwa maganar wanda bai taɓa sa gwiwarsa a ƙasa ya bi zangon nan ɗaya bayan ɗaya ba ce.

Asalinta masu ziyarar Urushalima ne, da ke bin sawun Yesu daga wurin shari'ar Bilatus zuwa Golgota. 'Yan ɗarikar Faransis, waɗanda aka danƙa wa kula da wurare masu tsarki a 1342, su suka yaɗa ta domin wanda ba shi da halin tafiya. Paparoma Kilemen na 12 ya tsayar da zangon a kan 14 a 1731. A 1991 Paparoma John Paul na 2 ya kawo wani tsari da kowane zangonsa daga Nassi yake, babu faɗuwa ko ɗaya. Ina girmama wannan sabon tsari, amma tsohon tsarin nake so, kuma dalilina yana cikin yadda aka jera shi.

A duba da kyau. Yesu ya faɗi a zango na uku. A na biyar aka kamo Saminu Bakurane ya ɗauki gicciyen. Da mai tsara labari ne don faranta rai, da nan wahala ta yi sauƙi, tunda taimako ya iso. Sai ga faɗuwa a na bakwai, sai ga wata a na tara, dab da wurin kisa. An taimake shi, kuma ya sake faɗuwa har sau biyu. Duk wanda ya yi jinyar mahaifi shekara da shekaru, ko gwauruwar da 'yan Zumuntar Mata suka tallafa mata amma kuka bai bar ta da dare ba, ya san wannan jeri tun kafin a karanta masa.

Shi kansa Saminu bai zo da niyya ba. Markus ya ce daga ƙauye ya fito, wucewa yake yi, sojoji suka tilasta shi. Kalmar Helenancin da aka yi amfani da ita ta aikin tilas ce, ita ce dai wadda ke Matiyu 5:41, inda ake zancen wanda aka tilasta wa tafiyar mil ɗaya. Luka ya ƙara cewa a bayan Yesu yake tafe da gicciyen, wato daidai matsayin da aka ce almajiri ya tsaya. Markus kuma ya ambaci 'ya'yansa biyu, Iskandari da Rufas, kamar mutanen da masu karatunsa suka sani. A ganina, almajiranci yakan fara ne da kayan da aka ɗora wa mutum bai nema ba, yarda ta biyo daga baya, yana tafe.

Shi ya sa ba na goyon bayan masu ƙara zango na 15 na tashin Yesu. Sauri suke yi su kai ga farin ciki. Dietrich Bonhoeffer, faston nan Bajamushe, ya yi faɗa da wannan hali a littafinsa na 1937 kan bin Almasihu, ya kira shi alheri mai araha: gafara ba tuba, alheri ba gicciye. 'Yan Nazi suka rataye shi ranar 9 ga Afrilu, 1945. Ista na nan tafe, amma Jumma'ar gicciye ranarta daban.

Na ga wata tsohuwa a majami'armu wata Jumma'ar azumi, zafin Maris ya gasa siminti. Katikis na gaba, yaro riƙe da gicciyen katako, wasu yara biyu da kyandir. A kowane zango takan dafa benci ta sauka a hankali, ta shimfiɗa bakin zanenta ƙarƙashin gwiwa. Da aka kai na tara ta kasa miƙewa. Wata yarinya da ke gefe, wadda ma ba tare suka zo ba, ta ce, "Kaka, kama ni." Ta kama kafaɗarta, suka ƙarasa sauran zango biyar ɗin tare har kabari.