Masu Koya wa Waya Gane Taku

A gasar haɗa manhaja da ake kira hakaton, awa 24 zuwa 48 ake ba kowace ƙungiya ta fito da abu mai aiki. Masu ƙarfin hali kan zaɓi wasan motsa jiki: ka ɗaura na'ura a wuyan hannu, in ka ruga, ɗan wasan da ke allon waya shi ma ya ruga. Tun 2012 wasan Zombies, Run! ya nuna cewa labari mai daɗi kan sa malalaci gudu.

Sai dai na'urar ba ta san gudu ba. Lambobi zalla take turawa ta Bluetooth, sau da dama a daƙiƙa guda, daga ma'aunin da ke lura da motsi ta fuska uku: sama da ƙasa, gaba da baya, hagu da dama. Koren hasken da ke bayanta kuwa bugun zuciya yake ƙirgawa, domin jini yana shanye koren haske, wanda ya dawo sai ya ragu a kowane bugu.

A nan ake gane gwani. Kowane taku yana barin ɗan tudu a zanen lambobin, amma haka ma kaɗa hannu a zaune, haka ma gargadar hanya a cikin adaidaita sahu. Sai gwanin ya kafa sharaɗi: tudun ya kai wani tsayi, kuma abin da ya zo fiye da sau biyar a daƙiƙa girgiza ce, ba taku ba. In ya tace da yawa, kana tsalle ɗan wasan na jinkiri, armashi ya tafi. In ya sassauta, mai wayo ya ci maki yana kwance.

Shi ya sa ƙarfe uku na dare za ka tarar da ɗaya yana tsallen kwaɗo a baranda, gumi sharkaf, sauran sun zuba wa allo ido. "Sake yi, bai ƙirga na bakwai ba!" A gyara lamba ɗaya, a sake.

Gari na wayewa sai su yafe kiɗa da adon da suka yi buri, su riƙe abu guda. Alƙali zai ɗaura na'urar da kansa, ya yi tsalle goma. Idan allo ya nuna goma, rashin barcin ya biya.