Daliget, Delege da Wakili: Kalmomi Uku a Ƙasar Arewa

Kalmar daliget ta samo asali daga Ingilishi, inda delegate ke nufin mutumin da wata ƙungiya ta zaɓa ta aika ya yi magana da yawunta. Tushenta ɗaya ne da délégué na Faransanci, wanda Hausawan Nijar ke faɗi delege. Duka biyu daga Latinanci suka fito, daga aikatau mai ma'anar aikawa. Arawan Dogon Dutsi da Tibiri suna jin su duka, domin iyaka ce kawai ta raba su da ƴan'uwansu na Kangiwa, cikin jihar Kabi, rediyo kuwa ba ya tsayawa a iyaka.

Sai dai daliget ba ta shigo Hausa da faɗinta na asali ba. A Nijeriya ta tsuke ta koma sunan mai jefa ƙuri'a a zaɓen fid da gwani na jam'iyya, musamman tun zaɓuɓɓukan Mayu da Yuni na 2022, sa'ad da zargin sayen ƙuri'a ya manne mata. Wanda ya kira wakilin manoma daliget, ya ɗora masa zargin da bai sani ba. Saboda haka ba ta dace da littattafan yaƙi da jahilci ba.

Delege ta fi tsabta. Ta zauna a bakin mutanen karkara ta hanyar ƙungiyoyin gama-kai, tun kafa UNCC a 1962, ta ƙara ƙarfi da Babban Taron Ƙasa da aka yi a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. Aibinta shi ne ba ta da jam'i na Hausa, ba ta kuma haifar da aikatau.

Nan ne wakili ta fi su. Daga Larabci take, ta daɗe ƙwarai, tana cikin ƙamus na Bargery na 1934, ta kuma hayayyafa: wakilai, wakiliya, wakilci, wakilta. Amma masu fassara da ke sa ta a ko'ina suna tsallake wani abu. A al'ada mutum ɗaya ne ke naɗa wakili. Wakilin Sarkin Arewa ko na Samnan Tibiri daga sama yake samun ikonsa, haka wakilin ango a wurin ɗaurin aure, mutum guda yake tsaya wa. In takarda ta ce ƙauye ya tura wakili, dattijo na iya fahimtar cewa maigari ne zai nuna wanda za shi, alhali jama'a ake so ta zaɓa, ta kuma iya tsigewa.

Maganin yana cikin harshen kansa: a rubuta zaɓaɓɓen wakili ko wakilin jama'a duk inda zaɓe ake nufi, a bar wakili tsurarta ga wanda aka naɗa.