Littafin Da Za Mu Miƙa Wa Mai Koyon Turanci

In aka tambaye mu littafin da ya dace da yaron Kurfi ko Dutsin-Ma mai fafutukar koyon Turanci, ba ma dogon tunani: The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito a 1960.

Yaron da aka ba labarin ƙasar Turawa kaya biyu aka ɗora masa, ga baƙon harshe, ga baƙuwar duniya. Kafin ya gane dusar ƙanƙara, ya manta wa ake ba labarinsa. Ekwensi ya sauke masa kaya ɗaya. Ibo ne, amma a Minna aka haife shi a 1921, kuma a ƙasarmu ya kafa labarin. Ga Kano, ga jirgin ƙasa, ga tafiya Makka. Ko yaro bai san kalma ba, yakan canki ma'anarta ya wuce, ba sai ya yi ta buɗe ƙamus ba har karatun ya gundure shi.

Labarin kuwa ba ya tsayawa hutawa. Malam Iliya ya sami Zara a wasan shanci, Usman da suka kara ya zama ajalinta, shi kuma ya ƙarar da shekarunsa yana farautarsa don ɗaukar fansa. Littafin siriri ne, jimlolinsa gajeru. Wanda bai taɓa kai littafin Turanci ƙarshe ba zai iya kai wannan.

Ba mu ce ba shi da aibi ba. Zara kusan ba ta da baki, kyautar gasa ce kawai, abin da ɗalibai mata ba za su rasa lura da shi ba. Jini ma ya yi yawa, har Arewar ta koma filin sara da suka. Don haka ɗan ƙaramar sakandare muke nufi. Ɗan firamare a fara masa da Chike and the River na Chinua Achebe, na 1966, labarin yaron da ke neman sisin shiga jirgin fito ya haye Kwara daga Onica zuwa Asaba.

Ga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da za su shiga aji gobe: ku karanta babi ɗaya a bayyane, yara su maimaita shi da Hausa, sannan ku tambaye su ko fansar ta amfani Iliya. Wannan amsar a nemi su ba da ita da Turanci, ko da gurguwa ce.