Kashin Farko na Wasan Macbeth: Yadda Shakespeare Ya Tuɓe wa Mai Buri Duk Wani Uzuri

Wasan Macbeth, wanda William Shakespeare ya rubuta wajen shekarar 1606 aka kuma fara buga shi a cikin babban kundin wasanninsa na 1623, shi ne mafi gajarta a cikin wasanninsa na ban tausayi, wato wasannin da ke bin sawun wani babban mutum tun daga ƙololuwar darajarsa har zuwa halakarsa. Kashinsa na farko yana da fitowa bakwai, kuma ba a kashe Sarki Duncan a cikin ko ɗaya daga cikinsu, domin kisan sai a kashi na biyu yake aukuwa, can ma a bayan fage inda idon mai kallo ba ya kaiwa. Duk da haka a wannan kashin ne aka gama ƙulla komai, saboda a nan ne tunanin da ya gilma a zuciyar wani jarumi ya girma har ya zama niyya, kuma mai nazarin da ya lura da yadda marubucin ya bi duk wata kafar uzuri ya toshe ta zai fahimci sauran wasan ba tare da wahala ba.

Aikin toshe kafofin ya faro ne tun daga yadda Shakespeare ya sarrafa tarihi. Ya ɗebo labarin daga littafin tarihin Raphael Holinshed, bugu na biyu na 1587, inda aka nuna Duncan a matsayin sarki mai rauni da sakaci wajen hukunta masu laifi, aka kuma nuna cewa Macbeth yana da abin kafa hujja, tunda tsohuwar al'adar Sikotilan ba ta tilasta ɗa ya gaji uba ba, musamman idan ɗan bai kai munzali ba. Macbeth na tarihi ya kashe Duncan a fagen fama a 1040, ya yi shekara 17 a kan gadon sarauta, har ya samu natsuwar zuwa ziyarar ibada birnin Rum a 1050, kafin Malcolm ɗan Duncan ya ga bayansa a 1057. Shakespeare ya kawar da wannan duka. Ya mai da Duncan dattijo mai karamci, ya ɗauke kisan daga filin daga ya kai shi ɗakin baƙo (ya aro wannan daga labarin wani sarki dabam, Duff, wanda Donwald ya sa aka kashe a gidansa bisa zugar matarsa), sannan ya wanke Banquo, abokin Macbeth, wanda a wajen Holinshed da shi aka ƙulla makircin. Akan danganta wanke Banquo da cewa Sarki James, wanda ya hau gadon Ingila a 1603 ya kuma zama uban gidan ƙungiyar wasan Shakespeare, yana jingina asalinsa da shi, kuma wannan gaskiya ne, amma amfanin sauyin ga zubin wasan ya wuce faranta wa fada rai: ya samar da mutum na biyu da ya ji irin abin da Macbeth ya ji, a wuri ɗaya kuma a lokaci ɗaya, bai kuwa ɗauki wuƙa ba.

Fitowa ta farko 'yar gajeruwa ce, matsafa mata uku ne cikin tsawa da walƙiya suke yanke wurin da za su tari Macbeth, suna magana da gajerun ɗangwaye masu amsa-amo, saɓanin dogon ɗango mai gaɓa goma marar amsa-amo da manyan mutane suke magana da shi a wasan, har kunne yakan rarrabe su da bil'adama tun kafin hankali ya kama ma'anar zancensu. 'Yan kallon wancan zamani ba su ɗauki tsafi wasa ba, domin sarkinsu da kansa ya wallafa littafi a kan aljanu da matsafa a 1597, kuma a 1604 aka tsananta dokar hukunta masu tsafi. Abin da fitowar ta shuka shi ne gauraya kyau da muni har a kasa rarrabe su, kuma kalmomin farko da za su fito daga bakin Macbeth a fitowa ta uku suna maimaita wannan gaurayen ne, alhali bai taɓa ganin matan ba.

Fitowa ta biyu ta cancanci a dakata a kanta fiye da yadda aka saba. Kafin a ga Macbeth da ido an ji labarinsa daga bakin wani mayaƙi jina-jina, wanda ya bayyana wa sarki yadda jarumin ya kutsa cikin rundunar 'yan tawaye ya farke madugunsu Macdonwald daga cibiya har muƙamuƙi, ya sare kansa ya kafa a kan ganuwa, sannan ya juya ya fuskanci dakarun Sweno sarkin Nowe. Duncan ya saurari wannan ɗanyen bayani yana yabo da sa albarka, sannan kuma ya ba da umarnin a kashe hakimin Cawdor da ya ci amanar ƙasa, a miƙa sarautarsa ga Macbeth. Abubuwa biyu ne suka tabbata a nan. Ƙasar da Duncan yake mulki ƙasa ce da zubar da jini yake jawo ɗaukaka muddin don sarki aka zubar, kuma rigar da aka yafa wa Macbeth rigar maci amana ce da aka tuɓe daga wuyan wani. Mai kallo ya riga jarumin sanin wannan naɗi, saboda haka lokacin da matsafan suka gaishe shi da sarautar Cawdor, abin da ya zame masa duba mai firgitarwa, ga mai kallo tsohon labari ne. Wannan dabara ta barin sanin 'yan kallo ya riga na ɗan wasa ita ce ta rage wa matsafan kwarjini, ta mai da ido kan mutumin da suke yi wa magana.

A gaisuwarsu uku, ta Glamis da ya riga ya riƙe, da ta Cawdor da ta sarautar ƙasa baki ɗaya, babu inda matsafan suka ambaci kisa, ba su kuma nuna hanya ba. Banquo ne ya lura abokinsa ya zabura kamar wanda aka tona wa asiri, ya tambaye shi dalilin jin tsoron albishir. Bayan manzannin sarki Ross da Angus sun iso da labarin naɗin, Macbeth ya koma gefe yana zancen zuci, wato maganar da ɗan wasa yake furtawa 'yan kallo su ji amma abokan fitowarsa ba sa ji, kuma a cikin wannan zance shi da bakinsa ya fara kawo batun kisa, gashin jikinsa na tashi, zuciyarsa na dukan haƙarƙari. Ya ma gano mafita da kansa, cewa idan rabo ne ya yi sarauta, rabon zai iso ba sai ya ɗaga hannu ba. Uzurin ƙaddara ya faɗi ke nan, kuma shi ne ya kayar da shi. Abin da ya hana shi zama a kan wannan mafita shi ne fitowa ta huɗu a fadar Forres, inda Duncan, jim kaɗan bayan ya koka cewa fuska ba ta nuna abin da ke ciki, ya naɗa ɗansa Malcolm Yariman Cumberland, magajin gado, ya kuma sanar cewa zai kwana a gidan Macbeth da ke Inverness.

Uzurin da ya fi daɗewa a bakin masu karatu shi ne na matar Macbeth, kuma lalle tana da nata babban kaso. A fitowa ta biyar, tana karanta wasiƙar mijinta kan albishirin matsafan ta auna shi da ma'auni mai kaifi, cewa yana da buri amma ba shi da taurin zuciyar da burin yake bukata, yana son abin da ba halal ba amma ba ya son a ce shi ya yi haramun. Sai dai ita ma sai da ta kira miyagun iskoki su cire mata tausayin 'ya mace su toshe mata hanyar nadama, kuma wanda ya nemi a cire masa abu ya shaida cewa abin yana jikinsa. Wannan roƙo ne yake bayyana rugujewarta a kashi na biyar. Fitowa ta shida kuwa ta wuce da sauri, sarki yana yaba daɗin iskar gidan, Banquo yana nuna tsuntsayen da suka yi sheƙa a jikin katangarsa, uwargida tana marhabin da baƙon da ta riga ta yanke wa hukunci.

A fitowa ta bakwai ne nauyin kashin duka ya sauka. Macbeth ya baro sarki a wajen liyafa ya keɓe shi kaɗai, ya jera wa kansa dalilan fasawa dalla-dalla: jini yakan koya wa wasu zubar da jini har ya dawo kan wanda ya fara, Duncan ɗan'uwansa ne kuma ubangidansa, baƙonsa ne, wanda haƙƙin mai masauki shi ne ya tsare masa ƙofa, sannan adali ne wanda mutuwarsa za ta sa duniya kuka. Da ya waiwayi ɗaya ɓangaren bai sami komai ba sai buri tsagwaronsa, wanda ya kamanta da mahayin da ya yi tsallen hawa doki fiye da kima ya faɗa can gefe. Aristotil ya koyar da cewa jarumin wasan ban tausayi yakan faɗi ne ta dalilin wani kuskure, kuma misalin da ya fi so shi ne Oedipus na Sophocles, wanda ya kashe mahaifinsa bai san shi ba ne. Macbeth ya saɓa wa wannan tsari, domin babu wani mai wa'azi da zai iya gaya masa munin aikin fiye da yadda ya gaya wa kansa, kuma ya fito daga zancen zucin ne da shawarar a bar maganar.

Abin lura shi ne dalilin da ya ba matarsa ba shi ne wanda ya ba kansa ba. A gabanta bai ambaci zumunta ko amanar baƙo ba, cewa ya yi sarki bai daɗe da karrama shi ba, kuma mutane suna ganin girmansa, ba ya son ya zubar da wannan da wuri. Da ya sauko da maganar daga matakin halal da haram zuwa matakin suna da martaba, ya shigo filin da ta fi shi iyawa, sai ta soke shi da gorin ragwanta, ta ce ashe ƙaunarsa ma haka take, ta tuna masa cewa shi ya fara kawo zancen kuma ya rantse, ta rufe da cewa da ita ce ta yi irin wannan rantsuwa da ta fizge jaririn da take shayarwa ta fasa masa kai. Ba ta rushe ko ɗaya daga cikin hujjojinsa ba, tunda bai gabatar mata da su ba. Tambayarsa ta gaba ta nuna an riga an wuce wurin, domin abin da ya nema ya sani shi ne yadda za ta kasance idan shirin ya ci tura. Ta zayyana masa yadda za ta dura wa dogarai biyu masu tsaron ɗakin sarki giya har barci ya kwashe su, a ɗora musu laifin. Macbeth, wanda mintoci kaɗan da suka wuce yake hango tausayi yana cika duniya da hawaye, shi ne ya ƙara gyara shirin da nasa tunanin, cewa a yi aikin da wuƙaƙen dogaran, a kuma shafa musu jinin a jiki suna barci.