Sunan Ɗa Bayan Rabuwar Iyaye: Sharhi a Kan Hukuncin Dawson da Wearmouth

A shekarar 1999 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, waɗanda su ne kotun ƙoli ta ƙasar a lokacin, suka yanke hukunci a shari'ar Dawson da Wearmouth. Matar ta taɓa auren Wearmouth, ta haifa masa 'ya'ya biyu, suka rabu, amma ta ci gaba da amfani da sunansa. Daga baya ta zauna da Dawson ba tare da aure ba, ta haifi ɗa namiji a 1996, ba a jima ba suka rabu. Da ta je rajistar haihuwa sai ta rubuta wa jaririn sunan Wearmouth. Dawson ya kai ƙara, ya yi nasara a ƙaramar kotu, kotun ɗaukaka ƙara ta soke, kotun ƙoli kuma ta tabbatar da sokewar.

Hujjar alƙalan tana cikin Dokar Yara ta 1989, wadda ta ɗora maslahar yaro a kan duk wani abin la'akari. Sashe na 13 na dokar ya hana a canja wa yaro sunan iyali, idan akwai umarnin kotu game da wurin zamansa, sai da rubutaccen izinin duk mai alhakin iyaye a kansa ko izinin kotu. Ana iya ganin wannan sashe kariya ce ga haƙƙin uba, har a ce ya dace da Shari'a. Dacewar ta zahiri ce kawai.

Dokar ta ɗauki suna a matsayin abin da izini ke halattawa. Idan uba ya sa hannu, an gama: ana iya jingina yaron ga mijin uwarsa. A fiƙihu kuwa nasaba ba mallakin uba ba ce balle ya kyautar da ita. Aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni a kira 'ya'yan riƙo da sunan iyayensu maza, kuma da saukarta aka daina kiran Zaidu bin Harisa da Zaidu bin Muhammad, duk da cewa wanda ya riƙe shi shi ne mafificin halitta (SAW). Hadisin Sa'ad bin Abi Waƙƙas da ke cikin Buhari da Muslim ya yi narkon haramcin Aljanna ga wanda ya danganta kansa ga wanin mahaifinsa alhali yana sane. A kan nasaba ake gina gado, da waliccin aure, da sanin muharramai. Uban da ya amince a mayar da ɗansa ɗan wani ya bayar da abin da ba nasa ba ne.

Haka nan uwa. A mazhabar Malikiyya tana da haƙƙin reno har namiji ya balaga, mace kuwa har ta tare a ɗakin mijinta, amma reno daban, nasaba daban. Ibn Ƙayyim ya ambata a Tuhfatul Maududi cewa idan iyaye suka saɓa a kan raɗin suna, maganar uba ake bi.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa Dawson kansa ba zai ci nasara a gaban alƙalin Musulunci ba, domin jumhurun malamai ba sa jingina ɗan da aka haifa ba ta hanyar aure ba ga wanda ya yi cikinsa. Ga uwarsa ake jingina shi. Aibin hukuncin yana wani wuri dabam: yaron ya tashi da sunan mutumin da babu jini tsakaninsu, kuma babban abin da ya rinjayi kotu shi ne an riga an yi rajista, sunan kuma shi ne na uwarsa da 'yan'uwansa na ciki ɗaya. Sauƙin yau aka auna, aka ba shi nauyi fiye da sanin asali.

Akwai abin da masu zafafawa su ma suke tsallakewa. Ba kowane suna na biyu ne da'awar nasaba ba. Miƙdad bin Amr ya shahara da Miƙdad bin Aswad, sunan wanda ya riƙe shi, malamai kuma ba su ga laifin kiransa da hakan ba tunda an san mahaifinsa kuma ba nasaba ake nufi ba. A ƙasar Hausa ma Aminu Kano da Shehu Shagari sunan gari suka ɗauka. Matsalar tana tasowa ne idan takarda ta zama ita kaɗai ce shaida, kamar agolan da aka rubuta masa sunan mijin uwarsa a makaranta da katin ɗan ƙasa, ya girma bai san wani uba ba, har ranar rabon gado ko neman aure.

Saura uban da ya yi watsi da ciyarwa shekara da shekaru, sannan ya taso yana ƙorafin suna. Kotunan Ingila sukan duba irin wannan sakaci su raunana hujjarsa da shi. Fiƙihu ba ya sauke nasaba saboda sakaci; hanyar da ya buɗe wa uwa ita ce ta kai shi gaban alƙali a tilasta masa ciyar da ɗansa, sunan kuwa ya zauna yadda yake.